Rayuwar 'yar tsere a fagen duniya: tambayoyi da amsoshi kan gajeren gudu da miƙa sanda

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin 'yan mata masu tsere, da iyayensu, da kociyoyin da ke son kai su gasar ƙasa da ƙasa. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu sarƙaƙiya.

Wane irin gudu ake kira gajeren zango, kuma tun yaushe mata suke yinsa a gasar duniya?

Mita 100, mita 200 da mita 400, sai mita 60 da ake yi a rufaffen fili lokacin hunturu. A ɓangaren 'yan huɗu kuma akwai gudun miƙa sanda na 4x100 da na 4x400, wato mata huɗu kowace ta yi mita 100 ko mita 400. A birnin Amstadam, a 1928, aka fara barin mata su yi tsere a Olamfik, inda Betty Robinson ta Amurka ta lashe mita 100 tana 'yar shekara 16, Kanada kuma ta ɗauki zinaren miƙa sanda. Sauran an yi ta sakar wa matan su da kaɗan-kaɗan: mita 200 a 1948, mita 400 a 1964, 4x400 kuwa sai a 1972.

Da wane shekaru ake farawa, yaushe kuma 'yar tsere take kai ganiyarta?

Yawanci a makaranta ake gano mai gudu. Matakin farko na duniya shi ne gasar 'yan ƙasa da shekara 20, wadda aka soma a Atens a 1986. Sai dai iyaye su bi a hankali: yarinyar da ta riga sa'o'inta girman jiki takan share kowa tana 'yar 14, amma da sauran sun kamo ta sai a neme ta a rasa. Lafta wa ƙaramar yarinya atisayen manya domin ta ci kofin bana shi ne hanya mafi sauri ta lalata mata tsokar bayan cinya.

Ganiya takan zo ne tsakanin shekara ashirin da 'yan kai zuwa talatin, amma an sha karya wannan lissafi. Shelly-Ann Fraser-Pryce ta Jamaika ta yi gudunta mafi sauri, daƙiƙa 10.60, a 2021 tana da shekara 34, ta kuma sake zama zakarar duniya a shekarar da ta biyo. Merlene Ottey ta halarci Olamfik bakwai daga 1980 zuwa 2004, har a 2012 an gan ta riƙe da sanda a gasar Turai tana da shekara 52.

Ta yaya ake samun gurbi a Olamfik ko gasar cin kofin duniya?

Ƙofa biyu ce. Ko ki yi lokacin da hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, World Athletics, ta gindaya, a gasar da ta amince da ita kuma cikin wa'adin da ta ɗiba, ko ki tara maki a jadawalin duniya har ki shiga adadin da ake nema. A Olamfik ta Paris ta 2024, lokacin da aka gindaya wa mata shi ne 11.07 a mita 100, 22.57 a mita 200, 50.95 a mita 400.

Bayan haka, a Olamfik kowace ƙasa mutum uku kawai za ta kai a kowane gudu. Ga 'yar Amurka ko Jamaika wannan ne babban shinge, domin tana iya zama ta shida a duniya amma ta huɗu a gida, ta kalli gasar a talbijin, sai fa in an ɗauke ta cikin tawagar miƙa sanda (duba tambayar muhimmancin miƙa sanda). Ga 'yar ƙaramar ƙasa kuwa wahalar na wajen kayan aiki da koci, shi ya sa da yawa suke bin hanyar jami'o'in Amurka. Julien Alfred ta ƙasar Sen Lusiya a Jami'ar Texas ta goge, kafin ta lashe mita 100 a Paris da 10.72, lambar Olamfik ta farko ke nan a tarihin ƙasarta. Mary Onyali ta Najeriya da Merlene Ottey ta Jamaika ma ta wannan hanya suka bi tun shekarun 1980.

Na yi lokacin da ake nema. Shi ke nan na samu shiga?

Da sauran rina a kaba. 'Yar wasa ba ta rubuta sunanta da kanta. Hukumar ƙasarta da kwamitin Olamfik na ƙasar su ne ke miƙa suna. A Paris, Favour Ofili ta Najeriya ta cancanci gudun mita 100, amma sunanta bai shiga jerin ba, sai mita 200 da miƙa sanda ta yi. A Tokiyo kuma, a 2021, an hana 'yan wasan Najeriya goma fita fili, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwaje-gwajen ba-zata da doka ta wajabta wa ƙasashen da aka fi sa wa ido ba, wato uku cikin wata goma kafin gasa. Shekara huɗu ta atisaye ta tafi a kan takarda. Saboda haka ke da wakilinki ku nemi ganin shaidar rajista da idonku kafin a rufe, ku kuma riƙa ƙirga gwajin da aka yi miki.

Na yi gudu mafi sauri a rayuwata, amma an ce ba za a ƙirga shi ba. Me ya sa?

Galibi iska ce. A mita 100 da 200, in iskar da ke tura ki ta baya ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa, nasararki tana nan, amma lokacin ba zai zama tarihi ba, ba kuma zai ba ki gurbi ba. Haka nan lokacin da aka ɗauka da agogon hannu. Na'ura mai haɗe da bindiga da kyamara ake so.

Ɗayan abin da ke ƙona rai shi ne riga bindiga. Tun 2010, kuskure ɗaya ya isa a nuna miki jan kati. Akwai na'ura a jikin ƙarfen da ake tokare ƙafa, in ta nuna kin motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya cika bayan harbi, to ana ɗauka cinke kika yi, ba ƙarar kika ji ba.

Me ya sa ake ba miƙa sanda muhimmanci haka, alhali suna a gudun mutum ɗaya ake yinsa?

Domin zinaren mita 100 mace ɗaya ce ke samunsa a shekara huɗu, amma miƙa sanda na raba lambobi ga mata goma sha biyu, har da ƙari, tunda wadda ta yi zagayen share fage kaɗai ita ma ana ba ta. Ta nan mafi yawa suke shigowa, ta nan kuma suke fita. Lambar duniya ta farko da Fraser-Pryce ta samu azurfa ce a Osaka a 2007, bayan ta yi wa Jamaika zagayen share fage na 4x100, ba wanda ya san sunanta. Ta ƙarshe ma azurfar 4x100 ce, a Tokiyo a 2025. Allyson Felix ta Amurka tana da zinare bakwai na Olamfik, shida daga ciki da sanda a hannu ta same su.

Ga ƙasashen Afirka batun ya fi haka nauyi. Lambar Olamfik ta farko da matan Najeriya suka ci ita ce tagullar 4x100 a Basalona a 1992, da Beatrice Utondu, Faith Idehen, Christy Opara-Thompson da Mary Onyali. Bayan shekara huɗu, a Atlanta, Bisi Afolabi, Fatima Yusuf, Charity Opara da Falilat Ogunkoya suka ɗauko azurfa a 4x400. A ganina, hukumar da ke da 'yan mata huɗu masu matsakaicin sauri kuma ta ƙi tara su su saba da hannun juna, ita ta zubar da lambarta da kanta. Gurbin ma yanzu ta gasar miƙa sanda ta duniya ake samun mafi yawansa. An fara ta a Nassau ta ƙasar Bahamas a 2014, kuma ta 2024 ita ta fitar da 14 daga cikin ƙasashe 16 da suka je Paris a kowane rukuni.

Yaya ainihin miƙa sandar yake a 4x100?

Sandar bututu ce mai santsi, tsawonta santimita 28 zuwa 30, nauyinta bai gaza giram 50 ba. Ba a sa safar hannu, ba a shafa wani abu mai danƙo. Dole ta sauya hannu a cikin wani yanki mai tsawon mita 30, kuma alƙalai sandar suke kallo, ba ƙafar mai gudu ba. Kafin 2018 yankin mita 20 ne, da ƙarin mita 10 na ɗaukar wuta.

Ga yadda abin yake in kina kusa. Mai jiran karɓa takan auna tazara da tafin ƙafarta, dunduniya na taɓa yatsa, ta manna farin tef a layinta, ta dawo ta duƙa tana leƙen baya ta gefen kafaɗa. Da ƙafar mai zuwa ta taka tef ɗin, sai ta fizga a guje da iya ƙarfinta, ba ta sake waiwayowa. Mai tahowa ce ke da ido. In ta ga ta kai, sai ta yi kira da kalma ɗaya da suka saba, waccan ta jefo hannu baya a buɗe, a danna mata sanda cikin tafi. Ta farko da ta uku suna riƙewa da dama suna bin gefen ciki na layi saboda kwana, ta biyu da ta huɗu da hagu suna bin gefen waje, don kada su taka juna kuma kada a ɓata lokaci wajen sauya hannu. In mai karɓa ta tashi da wuri, za ta fice daga yankin ba a cim mata ba. In ta makara, mai zuwa za ta hau bayanta ta ci birki. Tazarar tef ɗin ma ba ta tsayawa wuri ɗaya: iska, ruwan sama, ko gajiyar abokiyar gudu bayan zagaye uku na mita 200 duk suna sa a ƙara ko a rage taku.

Amfanin duk wannan wahala yana cikin lissafi. Tarihin duniya na mata shi ne 40.82, wanda Amurka ta kafa a Landan a 2012 da Tianna Madison, Allyson Felix, Bianca Knight da Carmelita Jeter. In aka raba shi huɗu, kowace ta tashi da kusan 10.2, abin da babu macen da ta taɓa yi ita kaɗai. Dalili shi ne uku daga cikinsu sun karɓi sanda suna tsakiyar gudu.

Wa ake sawa a farko, wa ake sawa a ƙarshe?

Ta farko ita ce mai saurin tashi da iya kwana, kuma wadda ba ta riga bindiga. Ta biyu takan fi kowa nisan gudu a miƙe, ga karɓa ga bayarwa, shi ya sa kociyoyi da dama ke ajiye gwanarsu a nan. Felix ta biyu take gudu a 2012 da 2016. Ta uku gwanar mita 200 ake so. Ta ƙarshe ita kyamara ke bi, don haka kowa ke son wurin, kuma rigimar tawaga sau da yawa daga nan take tashi. Abin da ake nema a wurinta shi ne kada jikinta ya sandare in ta ji numfashin wata a kafaɗarta.

In sanda ta faɗi, an fita ke nan?

Ba lallai ba. Wadda ta yar da ita ce za ta ɗauko, tana ma iya barin layinta don ɗaukowa muddin ba ta tare wata ba kuma ba ta rage nisan gudun ba. A aikace dai, a 4x100 in ta faɗi an gama. Jamaika ta kwashe dukkan lambobin mita 100 na mata a Beijin a 2008, amma a zagayen ƙarshe na miƙa sanda hannu bai haɗu ba, ta tashi a tutar babu. Amurka ma a shekarar tun a share fage ta yar.

Amma kada ki bar sandar a ƙasa ki kama kuka. A Riyo a 2016 wata 'yar Birazil ta bangaji Felix daidai lokacin miƙawa, sanda ta faɗi. Aka ɗauko ta aka ƙarasa gudun, sannan suka ɗaukaka ƙara. Aka ba su dama su sake gudu su kaɗai a fili, suka yi 41.77, suka fitar da Sin daga zagayen ƙarshe, washegari kuma suka ci zinare daga layi na ɗaya, wanda kowa ke gudu saboda matsewar kwanarsa.

Da me 4x400 ya bambanta? Me kuma ake nufi da gaurayen gudu?

A nan mai karɓa tana kallon mai zuwa, domin wadda ta zagaye fili ta iso a galabaice, ba za a dogara da saitinta ba. Ta farko tana gudu a layinta, ta biyu ma har ta gama kwanar farko, daga nan kowa ya gangaro ciki. Masu jira ana jera su ne bisa yadda abokansu suke a tsakiyar zagaye, sai wurin ya cika da turereniya da gwiwar hannu.

Gaurayen 4x400, maza biyu mata biyu, ya shiga gasar duniya a Doha a 2019, Olamfik kuma a Tokiyo. Yanzu tsarin namiji, mace, namiji, mace ne, wato mace ce ke rufewa. Femke Bol ta Holan ta faɗi 'yan taku kafin layin ƙarshe a Budafes a 2023, sanda ta suɓuce, lamba ta tafi. A Paris ta karɓi sanda tana ta huɗu ta wuce kowa. Ga mai mita 400 wannan ƙarin dama ce, amma ƙarin zagaye ne a ƙafa kafin nata gudun.

In an kama abokiyar guduna da ƙwayar ƙara kuzari, ni ma zan rasa lambata?

Ƙwarai, a dokar yanzu sakamakon tawagar duka ake sokewa. Rasha ta ci zinaren 4x100 a 2008, amma da aka sake gwada samfuran da aka adana, aka samu ɗaya daga cikinsu da laifi, sai a 2016 aka ƙwace, Beljiyam ta koma zinare, Najeriya ta tashi daga tagulla zuwa azurfa. Abokan gudun Marion Jones ta Amurka, wadda aka samu da laifin ƙwaya, na Olamfik ta Sidni a 2000 sun tsira da nasu ne kawai don kotun wasanni ta duniya ta yanke a 2010 cewa dokar wancan lokaci ba ta tanadi hukunta tawaga ba.

Ki kuma sani ana dakatar da mutum ko ba a samu komai a jikinsa ba. 'Yar wasan da ke cikin jerin manya dole ta bayyana inda za a same ta na awa ɗaya kowace rana. Kuskure uku cikin wata 12 laifi ne. Haka Salwa Eid Naser ta Bahrain, zakarar duniya ta mita 400 a 2019, ta sha dakatarwar shekara biyu ta rasa Olamfik ta Tokiyo. Maganin mura ko na ƙarin jini ma, kada ki haɗiya sai likitan tawaga ya duba. Abin da aka samu a jikinki ke za a tambaya.

Ana iya rayuwa da tsere kuwa?

'Yan ƙalilan na sama suna samu sosai, sauran suna haɗawa da karatu, aikin soja ko na ɗan sanda, ko koyarwa. Zinare a gasar duniya dala 70,000 ne, na miƙa sanda dala 80,000 a raba wa tawaga. A Paris ne World Athletics ta fara biyan masu zinaren Olamfik, dala 50,000. Daga ciki za a cire haraji da kason wakili da na koci. Ginshiƙin samu shi ne kwantiragin kamfanin takalma da gayyatar gasannin Diamond League, wato jerin manyan gasanni na shekara-shekara, kuma yawancin kwantiragin na da sharaɗin rage kuɗi in matsayinki ya sauka, ko da rauni ne ya jawo.

Aure da haihuwa suna kawo ƙarshen tsere?

Tun a 1948 Fanny Blankers-Koen ta Holan ta amsa wannan, da zinare huɗu a Landan tana da shekara 30 da 'ya'ya biyu. Fraser-Pryce ta haihu a 2017, a 2019 ta lashe mita 100 a Doha da 10.71 ta zagaya fili da ɗanta a hannu. Inda gizo ke saƙar shi ne kwantiragi (duba tambayar da ta gabata). Felix ta haihu a ƙarshen 2018, ta fito fili a 2019 ta ce Nike ta nemi zaftare mata kashi 70 cikin ɗari na abin da take biyanta. Bayan surutun da ya biyo baya kamfanin ya sauya tsari, ya ba da kariyar wata 18 ga masu juna biyu.

Ƙarfin jiki dai ba ya kare mace daga haɗarin ciki. Ita kanta Felix tiyatar gaggawa aka yi mata a mako na 32 saboda hawan jini na masu ciki, kuma Tori Bowie, wadda ta rufe wa Amurka gudun zinare a Riyo, ta rasu a 2023 wajen naƙuda. Awo da likita ba abin wasa ba ne, komawa atisaye kuma sai da izininsa.

Dole ne sai an sa ƙananan kaya? Ana iya gudu da hijabi?

Ana iya. Doka ta ce kaya su kasance masu tsabta, marasa shara-shara, kuma na tawagar ƙasa. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta lashe mita 200 a wasannin Asiya na Doha a 2006 kanta a rufe, hannu da ƙafa a rufe, ta kuma kai zagayen kusa da na ƙarshe a Beijin. Ki sanar da hukumarki da wuri don a ɗinka miki da launin tawaga.

Ana iya sauya ƙasa? Akwai kuma gwajin jinsi?

Ana sauyawa, Ottey ma ta bar Jamaika ta koma Sulobeniya a 2002. Amma yanzu sai kin kai shekara 20, ki jira shekara uku, kuma wani kwamitin World Athletics ya gamsu cewa sabuwar ƙasar ta ba ki cikakken 'yancin ɗan ƙasa. Shekara uku a rayuwar mai gajeren gudu ba kaɗan ba ce.

Game da jinsi, daga Satumban 2025 duk mai son shiga rukunin mata a gasar duniya sai ta yi gwajin ƙwayar halitta sau ɗaya a rayuwa, da yawun kunci ko jini. Kafin nan dokar sinadarin testosterone ce ta hana Christine Mboma ta Namibiya gudun mita 400 a Olamfik ta Tokiyo, ta koma mita 200 ta ci azurfa. Har yanzu ana jayayya a kan waɗannan dokoki, a kotu da wajenta.

Me ya sa tarihin da aka kafa tun shekarun 1980 ya ƙi karyuwa?

Florence Griffith-Joyner ta Amurka ta yi 10.49 a mita 100 da 21.34 a mita 200 a 1988, Marita Koch ta Jamus ta Gabas ta yi 47.60 a mita 400 a 1985, Tarayyar Sobiyet kuma ta yi 3:15.17 a 4x400 a 1988. Ana zargin na'urar auna iska ta yi kuskure ranar 10.49, domin ta nuna sifili alhali ana iska mai ƙarfi a filin. An kuma tabbatar daga baya cewa Jamus ta Gabas tana da shirin gwamnati na ba 'yan wasa ƙwayoyi, ko da yake ba a taɓa kama Koch ko Griffith-Joyner a gwaji ba, kuma gwajin ba-zata bai kankama ba a wancan zamani. 'Yan baya sun matso kusa: Elaine Thompson-Herah ta yi 10.54 a 2021, Shericka Jackson ta yi 21.41 a 2023, Sydney McLaughlin-Levrone kuma ta yi 47.78 a Tokiyo a 2025, cikin ruwan sama.